Bugun Zuciyar Jariri a Barci da Farke

(Kiɗan buɗe shiri)

Masu sauraro na Gangara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Gazawa da Agye da Gidan Rumji, da duk inda wannan murya ta isa a cikin jihar Maraɗi,  shirin faɗakarwa kan lafiyar iyali na yau zai yi bayani ne a kan zuciyar jariri sabon haihuwa, wato wanda bai wuce kwana 28 a duniya ba, da yadda bugunta yake sauyawa tsakanin barci da farke, da kuma dalilin da ya sa likitoci suke ɗaukar wannan sauyawa a matsayin alamar lafiya, hankalinsu kuma yake tashi idan ta ɓace. Ilimi ne da aka samo shi a manyan asibitoci masu na'urori masu tsada, amma amfaninsa yana isa har ɗakin mai jego da ba ta da ko ma'aunin zafin jiki, domin abin da na'ura take karantawa a cikin ƙirji yana da alamomin da ido yake iya gani a waje.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne zuciyar jariri ta fi ta babba sauri nesa ba kusa ba. Zuciyar baligi mai lafiya, idan yana zaune yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, alhali ta jariri tana bugawa sau 120 zuwa 160 idan yana farke, tana iya sauka zuwa 100 ko ƙasa da haka kaɗan idan barci ya yi nauyi, tana kuma iya haurawa zuwa 180 idan ya tsananta kuka. Dalilin wannan sauri shi ne zuciyar ƙarama ce, jinin da take turawa a bugu ɗaya kaɗan ne, jikin kuwa yana cikin girma yana buƙatar iska da abinci masu yawa, saboda haka sai ta cike giɓin da yawan bugu. Wannan zuciya ta fara aiki tun cikin mako na huɗu bayan shigar ciki, kuma ita ce ungozomar asibiti take saurara da ɗan bututun nan da take kafawa a cikin mai juna biyu ranar awo. Tun 1953, lokacin da wata likita a Amurka mai suna Virginia Apgar ta wallafa ma'auninta na duba jariri da zarar ya faɗo, bugun zuciya yake cikin abubuwa biyar da ake dubawa, ana kuma son ya haura 100 a minti.

Sai dai yawan bugu a minti ɓangare ɗaya ne kawai na maganar, domin akwai wani ma'auni da ya fi shi zurfi, wanda masana suke kira sauyawar tazarar bugun zuciya. Tazara a nan tana nufin ɗan lokacin da ke tsakanin bugu ɗaya da wanda ke bin sa. Idan zuciya tana bugawa sau 120 a minti, lissafi zai nuna cewa tsakanin kowane bugu biyu akwai rabin sakan, amma idan aka raba sakan ɗaya kashi 1000 aka auna da na'urar da ke zana aikin zuciya a takarda, sai a tarar wata tazarar ta ɗauki kashi 480, ta bayanta ta ɗauki 520, ta uku kuma ta dawo 495. Wannan bambanci ƙarami ne ƙwarai, kunne ba ya jin sa, yatsa ma ba ya kama shi, amma a cikinsa ne ake karanta lafiyar jijiyoyin da ke sarrafa zuciya.

A cikin zuciya, a ɗakinta na sama na ɓangaren dama, akwai wani ɗan tarin ƙwayoyin halitta da ke fitar da tartsatsin da ke haddasa kowane bugu, kuma wannan wuri yana karɓar umarni daga ƙwaƙwalwa ta hanyar jijiyoyin saƙo iri biyu, waɗanda suke aiki ba tare da mutum ya yi niyya ba. Iri na farko yana ƙara wa zuciya sauri a lokacin tsoro ko yunwa ko zafi ko motsi, iri na biyu kuwa, wanda babbar hanyarsa ita ce jijiyar da ake kira bagus, wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta shiga ƙirji da ciki, yana rage mata sauri a lokacin hutu da narkar da abinci. Aikin su biyun ya yi kama da na ƙaimi da linzami a wurin mahayin doki, ɗaya yana zaburarwa ɗaya yana tsaidawa, kuma mahayin da ya ƙware ba ya barin ko ɗaya daga cikinsu ya huta. Saboda haka zuciyar da tazararta take sauyawa daga bugu zuwa bugu zuciya ce da take jin umarnin ƙwaƙwalwa, wadda kuwa tazararta ta daidaita ƙwarai, ta daina hawa da sauka, tana nuna cewa ko dai umarnin ya raunana ko kuma jiki yana fama da wata cuta.

An daɗe da gano tushen wannan al'amari. A 1847 masanin Jamus Carl Ludwig ya nuna cewa zuciya tana ƙara sauri kaɗan idan aka ja numfashi, tana kuma raguwa idan aka sauke shi, wanda aikin jijiyar bagus ne. A shekarun 1960 kuma likitocin haihuwa a Amurka, musamman Edward Hon, suka lura cewa idan ɗan tayi ya shiga wahala a lokacin naƙuda, tazarar bugun zuciyarsa takan canza kafin yawan bugun da kansa ya nuna akwai matsala. A 1996 ne ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Arewacin Amurka suka haɗu suka tsara ƙa'idojin auna wannan sauyawa, waɗanda har yau ake aiki da su.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ba a iya fahimtar zuciyar jariri sai an fahimci barcinsa, domin yawancin rayuwarsa a makonnin farko a barci take tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 a cikin awa 24, barcin da yake zuwa gutsure-gutsure dare da rana, tun da ƙwaƙwalwarsa ba ta riga ta bambanta dare da rana ba sai wajen wata na uku. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Heinz Prechtl, wanda ya yi aiki a jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, ya kasa halayen jariri kashi biyar a wani rubutu da ya wallafa a 1974, wato barci mai natsuwa, da barci mai motsi, da farke cikin natsuwa, da farke cikin motsi, sannan kuka. Jariri mai lafiya yana zagaya waɗannan halaye biyar sau da yawa a wuni, kuma kowanne daga cikinsu yana da irin numfashinsa da irin bugun zuciyarsa.

A cikin barci mai natsuwa idanu a rufe suke ba sa motsi, fuska ta saki, gaɓoɓi sun kwanta, in ban da ɗan firgita da kan zo jefi-jefi, numfashi kuma yana tafiya bi da bi a kan tsari ɗaya. A wannan hali jijiyar bagus ce take da rinjaye, saboda haka zuciya tana sauka zuwa mafi ƙarancin saurinta, sauyawar da ake gani a tazararta kuwa ƙanana ce mai tsari, tana bin shiga da fitar numfashi sau da ƙafa. A cikin barci mai motsi kuwa idanu suna yawo a ƙarƙashin fatarsu, baki yana tsotso ba nono, fuska tana yamutsewa ko ta yi murmushin nan da tsofaffi kan ce mala'iku ne suke yi wa yaro wasa, yatsu suna motsi, numfashi kuma yana sauri ya lafa, wani lokaci ya tsaya na sakan 5 zuwa 10 sannan ya ci gaba. A nan jijiyoyin zaburarwa suna da hannu sosai, shi ya sa zuciya take ɗan fin sauri, take kuma yin manyan hawa da sauka waɗanda suke ɗaukar sakan da yawa kafin su kammala. Irin wannan barci, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka fara bayyana shi a jami'ar Shikago a 1953, yana cin kusan rabin barcin jariri, alhali a wurin babba bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma masana suna ganin yana da hannu wajen gina ƙwaƙwalwa mai tasowa. Zagaye ɗaya na barcin jariri, daga mai motsi zuwa mai natsuwa, yana ɗaukar kimanin minti 50 zuwa 60.

Idan jariri ya farka cikin natsuwa, ido a buɗe yana kallon fuskar uwarsa, zuciya tana ƙara sauri kaɗan, idan ya fara wutsil-wutsil ta ƙara, idan kuma ya ɓarke da kuka ta kai ƙololuwa, sai ƙananan sauyawar da ke bin numfashi su ragu ƙwarai har sai an rarrashe shi ya lafa. Bambancin da ke tsakanin waɗannan halaye a bayyane yake har masu bincike suna iya gane irin barcin da jariri yake ciki ta hanyar duba zanen zuciyarsa kaɗai. Wannan ya nuna cewa lafiyar jariri tana cikin iyawarsa ta fita daga hali ya shiga wani, ya yi barci mai nauyi, ya koma mai motsi, ya farka da yunwa, ya yi kuka da ƙarfi, ya sha nono ya ƙoshi, sannan ya sake komawa barci.

(Gajeren kiɗa)

Akwai jarirai iri biyu da wannan sauyawa takan yi rauni a wurinsu. Na farko shi ne bakwaini, wato duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, domin jijiyar bagus tana yin ƙwari sosai ne a watanni uku na ƙarshen ciki, saboda haka wanda ya fito da wuri yakan zo da zuciya mai sauri wadda tazararta ba ta sauyawa sosai, barcinsa mai natsuwa kaɗan ne, numfashinsa kuma yakan ɗauke na tsawon lokaci. Na biyu shi ne jaririn da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, ta cibiya ko ta wani rauni ko ta abin da aka ɗura masa. Likitoci a jami'ar Bajiniya ta Amurka, ƙarƙashin Randall Moorman da Pamela Griffin, sun gano cewa awoyi da yawa kafin cutar jini ta bayyana a fili, sauyawar tazarar bugun zuciya takan ragu, zuciyar kuma takan riƙa yin faɗuwa ta ɗan lokaci ba gaira ba dalili. Sun ƙera na'urar da ke lura da wannan alama, kuma a gwajin da aka wallafa a 2011, wanda ya ƙunshi jarirai 3003 masu nauyin ƙasa da kilo 1.5 a asibitoci 9, mace-mace sun sauka daga kashi 10.2 zuwa kashi 8.1 cikin ɗari a tsakanin waɗanda likitocinsu suke ganin sakamakon na'urar. Abin da ya ceci waɗannan rayuka shi ne saurin ganewa da saurin fara magani.

Wannan darasi ya shafi Gangara kai tsaye, ko da yake ɗakunan shan magani na ƙauyuka da cibiyoyin lafiya da ake kira CSI ba su dogara da irin wannan na'ura ba, domin jaririn da cuta ta sa zuciyarsa ta daina sauyawa, daga baya halayensa ma sukan daina sauyawa, wannan kuwa ido yana ganin sa. A gidaje da yawa ana yabon jaririn da ba ya kuka, ana cewa mai haƙuri ne, bai damu kowa ba, alhali jariri ɗan kwanaki da ya wuce awa 4 yana kwance bai nemi nono ba, aka tashe shi bai buɗe ido da kyau ba, aka ba shi nono bai kama ba ko ya kama ya saki, jikinsa ya yi laƙwas, yana iya kasancewa cikin haɗari mai girma. Jariri mai lafiya yana shan nono sau 8 zuwa 12 a cikin awa 24, yawan farkawarsa da dare kuma kariya ce gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya a cikin watansu na farko a 2022, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan rashi yana aukuwa ne a makon farko, wato kafin a kai ga ranar suna.

Alamomin haɗari da hukumar ta lissafa a bayyane suke, kuma ya kamata kowane gida ya haddace su: jariri ya ƙi shan nono, ko ya yi jijjiga da taune-taune, ko numfashinsa ya kai 60 ko fiye a minti, ko ƙasan ƙirjinsa ya riƙa lotsawa ciki sosai idan ya ja numfashi, ko ya daina motsi sai an taɓa shi, ko zafin jikinsa ya haura digiri 37.5, ko ya sauka ƙasa da 35.5, ko kuma jikinsa ya yi ɗorawa a ranar farko, ko tafin hannu da na ƙafa su yi ɗorawa a kowane lokaci. A nan sanin halayen barci yana da amfani ƙwarai, domin numfashi a lokacin natsuwa ake ƙirga shi, minti guda cur, tun da ƙirgen da aka yi a cikin kuka ko barci mai motsi yana iya ruɗarwa. Haka kuma ɗan tsayawar numfashi na 'yan sakan a cikin barci ba abin tsoro ba ne, amma idan ya kai sakan 20, ko leɓe da harshe suka yi duhu, to lamarin ya zama na gaggawa. Motsin barci yana ƙarewa da zarar jariri ya farka, jijjigar cuta kuwa ba ta tsayawa don an tashe shi ko an riƙe masa hannu.

Al'adun jego suna da alheri mai yawa, domin suna tara wa uwa masu taimako na kwana 40, amma akwai wuraren da suke buƙatar gyara. Yarinyar da ta haifi ɗan fari takan ji kunyar nuna damuwa a kansa a gaban manya, saboda haka nauyin lura yana kan kaka da gwaggo da inna da ungozoma, kuma wajibi ne su buɗe mata ƙofar magana, su riƙa tambayar ta yadda yaron ya kwana da yadda ya sha. Wutar da ake hurawa a ɗakin mai jego tana cika ɗaki da hayaƙi, hayaƙi kuwa, na itace ne ko na taba, yana wahalar da huhun jariri, don haka a dafa ruwan wanka a waje, a bar iska ta riƙa shiga. A lokacin hunturu jariri yana saurin rasa ɗumin jikinsa, musamman ta kai, shi ya sa ake son a jinkirta wankan farko har awa 24, a sa masa hula, a lokacin bazara kuwa yawan lulluɓi yana ɗaga zafin jiki, ya tilasta wa zuciya gudu. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, rigakafi ne da bai kamata a zubar ba, kuma bauri da ruwa da duk wani jiƙo suna iya kai ƙwayoyin cuta cikin jariri, kamar yadda cire belu da shafa toka ko ƙasa a cibiya suke buɗe musu hanya.

Yanayin kwanciya ma yana da alaƙa da zuciya. Bincike ya nuna cewa jaririn da aka kwantar rub da ciki yana yin barci mai nauyin da ya wuce kima, sauyawar bugun zuciyarsa tana raguwa, yana kuma wahalar farkawa idan numfashinsa ya toshe, wannan kuwa yana cikin abubuwan da ke jawo mutuwar fuju'a a cikin barci, wadda ta fi yawa tsakanin wata 2 zuwa 4. Bayan da likitocin yara na Amurka suka ba da shawarar daina kwantar da jarirai rub da ciki a 1992, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Saboda haka a kwantar da jariri a rigingine, a kan shimfiɗa mai ƙwari, ba matashi, fuskarsa a buɗe, a cikin gidan sauro, idan kuma an goya shi a tabbata zane bai rufe masa hanci ba.

Ga bakwaini da jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, akwai maganin da kowace uwa take da shi a jikinta, wato a ɗora shi tsirara, da hula da ɗan ƙunzugu kawai, a tsakanin nonuwanta, fata ta haɗu da fata, a ɗaure su tare da zane na awoyi masu yawa kowace rana. Likita Edgar Rey ne ya fara wannan hanya a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben ɗumama jarirai, kuma an tabbatar da cewa tana daidaita zafin jiki da numfashi da bugun zuciya, tana kuma ƙara barci mai natsuwa. Wani babban gwaji da aka gudanar a Gana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa fara ta nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin ɗari. Uba ko kaka ma suna iya karɓar uwa idan ta gaji.

Masu sauraro, tun 2006 hukumomin Nijar suka tanadi duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a cibiyoyin lafiya na gwamnati, kuma akwai hanyar tura mara lafiya daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa CSI, daga nan zuwa asibitin gunduma, har zuwa Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Maraɗi. Ana son a duba uwa da jariri a cikin awa 24 na farko, da rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 zuwa ta 14, da kuma bayan mako 6. Kira a nan shi ne ga magidanta, su tanadi kuɗin kabu-kabu ko su shirya amalanke tun kafin haihuwa, su kuma ba da izini tun da wuri cewa duk lokacin da aka ga alama ɗaya daga cikin waɗanda aka lissafa, dare ne ko rana, ana tsakiyar noma ne ko ana shirin suna, a ɗauki jariri a ƙirjin uwarsa a nufi likita ba tare da jiran dawowar kowa ba. Allah Ya raya abin da aka haifa, Ya ba masu jego lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)